Yadda Ake Gano Matsalar Na'urar Auna Iskar Inji da Yadda Ake Gyara Ta

Mota ta tashi da safe lafiya lau, amma da ka tsaya a mahaɗar hanya sai ka ji silo, wato gudun inji ba a taka totur ba, yana hawa yana sauka, sitiyari na rawa a hannunka. Ka taka totur za ka wuce, sai ta yi jim kamar an riƙo ta ta baya, can kuma ta fizga. Bayan kwana biyu fitilar gargaɗin inji ta kama, mai kuma ya fara tafiya fiye da yadda ka saba. Masu irin wannan mota da yawa, tun kafin a ɗaga bonet an riga an yanke musu hukunci: eyafulo ne, a sayo sabo. Wani lokacin a dace. Sau da yawa kuwa a canza, a kashe kuɗi, bayan mako guda fitilar ta dawo inda take.

Na'urar auna iska, wadda masu gyara ke kira eyafulo mita, a na'urar bincike kuma ake rubuta ta MAF, tana lalacewa kam, babu musu. Amma cikin kayan injin da aka fi ɗora wa laifin da ba nasu ba, tana sahun gaba. An bar jaki ana dukan taiki. Don haka tsarin da zan bi a nan shi ne wanda nake bi da hannuna: a fara da abin da ido ke gani, a koma ga lambobi, a wanke, sayen sabuwa kuma ya zo a ƙarshe, bayan ta tabbata ita ce mai laifin.

Aikin da take yi

Injin fetur yana son iska da mai bisa ma'auni, wajen giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur. Kwamfutar mota ce ke yanke yawan man da nozul zai fesa, ita kuwa ba ta ganin iska. Sai abin da aka faɗa mata. Mai faɗa matan ita ce wannan na'ura, shi ya sa aka dasa ta a kan babban tiyon iska, tsakanin akwatin matatar iska da bakin totur, yadda duk iskar da za ta shiga inji sai ta bi ta kanta.

A cikinta akwai wata siririyar waya kamar gashi, ko wani ɗan falle mai laushi a sababbin motoci. Lantarki yana ɗumama ta har ta fi iskar da ke wucewa zafi da wani adadi tsayayye. Iska na wucewa tana sanyaya ta, na'urar kuma tana ƙara wuta don zafin ya tsaya inda yake. Yawan wutar da aka ƙara shi ne ma'aunin iskar da ta wuce. Shi ke nan dabarar.

Wanda ya riƙe wannan bayanin ya riga ya san rabin binciken, domin abu biyu ne ke fitowa daga cikinsa. Na farko, idan ƙura da maiƙo suka lulluɓe wayar nan, tamkar an rufa mata bargo ne: iska ba ta sanyaya ta yadda ya kamata, sai ta riƙa faɗa wa kwamfuta ƙasa da abin da ya shiga, musamman idan an taka totur sosai. Na biyu, duk iskar da ta saci hanya ta shiga inji ta bayan na'urar, ta wani tsagu ko sakakken maɗauri, babu wanda ya ƙirga ta. Na'urar tana lafiya ƙalau, amma lissafin kwamfuta ya ɓaci, kuma alamomin da direba zai ji kusan iri ɗaya ne.

Kafin ka ci gaba, tabbatar motarka tana da ita ma. Wasu injina, kamar tsofaffin Honda da yawa, ba su da MAF sam, suna aiki da na'urar da ake kira MAP, mai auna matsin iska a manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindoji. Tsofaffin motocin shekarun 1970 da 1980 masu tsarin L-Jetronic na Bosch kuma suna da mai ƙyaure, wani ɗan murfi da iska ke turawa. Akwai wata iri da ake kira Karman a wasu Mitsubishi da Toyota na wajen 1990, wadda ba a fesa wa maganin wanki ko kaɗan. Bayanin da ke tafe na mai waya mai zafi ne da mai falle, su ne a mafi yawan motocin da ke kan hanya yau.

Kayan aiki ba su da yawa: na'urar bincike ta OBD, wato wadda ake jonawa da kwamfutar mota, mai nuna lambobi yayin da inji ke aiki, ko da ƙaramar nan ce da ake haɗawa da wayar hannu, mitar lantarki, sukundireba da makullin Torx, don galibi da irin wannan sukurun mai tauraro ake ɗaure na'urar, tocila, da gwangwanin feshin da aka yi musamman don wanke MAF.

Fara da karanta lambar matsala, kada ka goge ta

Soket ɗin OBD mai ramuka 16 yana ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba. An wajabta shi a motocin Amurka tun 1996, a Turai kuma motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Jona na'urar binciken, murɗa makulli wuta ta kawo, ka karanta.

Lambobin da suka shafi wannan na'ura kai tsaye biyar ne. P0100 na nufin matsala a layin wutarta gaba ɗaya. P0101 na nufin abin da take faɗa bai yi daidai da abin da kwamfuta ke tsammani ba. P0102 saƙonta ya yi ƙasa ainun, P0103 ya yi sama ainun, P0104 kuma yana zuwa yana ɗaukewa. Sai 'yan rakiya: P0171 da P0174, wato mai ya yi wa iska kaɗan, P0172 da P0175, wato mai ya yi yawa, da P0300 idan inji yana tsallake wuta.

Lambar tana nuna maka unguwar da matsala take ne, ba ta nuna gida ba. P0102 da P0100 sun fi karkata ga waya, soket ko fis. P0101 kuwa ita ce mai yaudara, domin datti yana kawo ta, tsagaggen tiyo yana kawo ta, toshewar matatar iska ko ta salansa ma tana kawo ta. Idan ka ga P0102 tare da P0113, ka fara zargin soket ya cire ko bai zauna ba, saboda a motoci da yawa ma'aunin zafin iska yana cikin gida ɗaya da MAF, soket guda suke amfani da shi, in ya fita su biyun suke yin shiru tare.

Akwai kuma bayanin da kwamfuta ke ajiyewa na daidai lokacin da matsalar ta faru: gudun inji, zafinsa, saurin mota. Rubuta shi a takarda ko ka ɗauki hotonsa. Matsalar da ta faru a silo daban take da wadda ta faru mota na gudu a kan babbar hanya. Wanda ya yi saurin gogewa ya zubar da shaidarsa da hannunsa.

Ido da hannu

Kashe inji, ɗaga bonet, buɗe akwatin matatar iska. Ɗaga matatar ka haska ta da tocila ta baya. In haske ba ya ratsawa ta toshe. Duba gefenta na roba ko ya yage, duba ko ta zauna daidai a mazauninta. Sai ka shafa yatsa a cikin murfin akwatin, ɓangaren da iska mai tsabta ke bi. Idan yatsanka ya fito da ƙura, to ƙura tana tsallake matatar, kuma duk wadda ta tsallake a kan wayar na'urar take sauka. Idan maiƙo ka ji, ko dai an saka matatar nan da ake shafa wa mai aka cika mata shi, ko kuma tururin baƙin mai yana dawowa daga inji ta tiyon numfashi.

Daga nan bi babban tiyon tun daga na'urar har bakin totur. A nan nake so ka ɓata lokaci. Kada ka tsaya a kallo daga sama. Kwance maɗauran ka ciro tiyon gaba ɗaya, ka lanƙwasa shi a hannu, ka buɗa kowace ninkewa.

Akwai wata mota da aka taɓa kawo mini, mai ita ya riga ya canza na'urar sau biyu a wani wurin. Ƙorafinsa shi ne tana tsaye lafiya, amma da ya saka giya zai tashi sai ta shaƙe, wani lokacin ta mutu. Daga sama tiyon sumul yake, baƙi wuluk, ba abin da za ka gani. Da na ciro shi na murɗa, sai ga tsagu a ƙasan ninkewa ta uku, tsawonsa ya kai rabin yatsa, bakinsa ya bushe ya yi fari. Mota na tsaye tsagun a rufe yake. Da an saka giya inji ya ɗan karkata a kan kujerunsa, sai ya ja tiyon, tsagun ya buɗe baki, iska ta kwarara ba lissafi. Na saka yatsana ta ciki ya leƙo waje, na nuna wa mai motar. Ya daɗe yana kallon na'urori biyun da ya saya suna kwance a but. Har yau in na tuna abin yana damuna, don minti biyar na dubawa da ya hutar da shi.

Ƙananan tiyoyi ma a duba su: na numfashin inji, na tukunyar birki, da duk wanda ya shiga manifol. Murfin zuba baƙin mai da sandar gwada shi su zauna daram, domin a injina da yawa iska na iya shiga ta nan. Tayar da inji ka saurara ko za ka ji tsaki mai tsawo. Guntun tiyo, baki ɗaya a kunnenka ɗayan kana bin haɗe-haɗe da shi, yana taimakawa sosai, sai dai ka nisanci fanka da bel. Wanda ya fi duka shi ne injin hayaƙi da ake hurawa cikin tiyon, hayaƙin ya fito ta inda ɓarakar take. Abin da ban yarda da shi ba shi ne fesa fetur ko wani abu mai kama wuta a kan inji mai zafi don a ji ko sautinsa zai canza. Tartsatsi ɗaya ya isa.

Soket ɗin na'urar kuma ka cire shi, makulli a kashe. Leƙa ciki da tocila: akwai tsatsa mai launin kore? Akwai ƙafar da ta lanƙwashe ko ta koma ciki? Ɗan harshen da ke kulle shi ya karye? Bi wayoyin da hannu taƙi ɗaya ko biyu, ka ga ko sun goge a jikin ƙarfe ko ɓera ya taɓa su. Mayar da shi har ka ji ƙas.

Lambobin da inji ke bayarwa yana aiki

Idan duk wannan bai nuna komai ba, sai a zauna da na'urar bincike. Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi gudu.

Zaɓi abubuwa huɗu a allo: gudun inji, MAF a ma'aunin g/s wato giram a daƙiƙa, sai STFT da LTFT. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne gyaran da kwamfuta ke yi wa mai bayan na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa ta ba ta labari. STFT gyaran nan take ne, LTFT kuma wanda ta koya ta riƙe. Lamba mai alamar ƙari na nufin tana ƙara mai saboda ta ga iska ta yi yawa, mai alamar ragi kuma tana rage shi. Haɗa biyun za ka yi. Jimillar da ba ta wuce kashi 5 cikin ɗari ko ta wane ɓangare ba lafiya ce. Ta haura 10, akwai magana.

Wuta a kunne inji bai tashi ba, MAF ya kamata ta nuna sifili ko dab da shi. Tayar da inji ka bar shi ya yi zafi sosai, a kashe na'urar sanyaya mota da fitilu. A silo, ƙiyasin da masu aikin ke amfani da shi shi ne giram ɗaya ko sama da haka kaɗan ga kowace lita ta girman inji. Inji mai lita 2.0 zai nuna tsakanin 2 da 3.5 ko kusa da haka. Ƙiyasi ne, littafin motarka shi ne alƙali. Lambar kuma ta tsaya wuri ɗaya tana ɗan motsi kaɗan, ba ta riƙa tsalle ba.

Yanzu rubuta jimillar gyaran mai a silo. Sannan taka totur a hankali ka riƙe gudun inji a juyi 2500 a minti, ka jira rabin minti, ka sake rubutawa. Yadda lambobin biyu suka bambanta shi ke raba gardama.

Idan a silo jimillar ta kai 18 ko 20 na ƙari, amma a 2500 ta sauko zuwa 5 ko 6, iska ce ke satar hanya. Dalili a fili yake: a silo iskar da inji ke ja kaɗan ce, saboda haka 'yar ɓaraka babban kaso ce a cikinta, da gudu ya ƙaru sai ta ɓace cikin yawa. Koma kan tiyoyi da gasket ɗin manifol, na'urar ba ruwanta.

Idan kuwa a silo jimillar tana kusa da sifili, ko ma ta ɗan shiga ragi, amma tana hawa yayin da gudu da nauyi ke ƙaruwa, 8 a 2500, 15 ko 20 a kan hanya, wannan shi ne sawun na'urar da ta yi datti ko ta gaji. Sai dai ba ita kaɗai ke barin irin wannan sawun ba. Famfon mai da ya raunana ko matatar mai da ta toshe ma haka suke yi, don su ma a lokacin da inji ya fi buƙata suke gazawa. Shi ya sa ake ƙara gwaji ɗaya.

Nemi hanya miƙaƙƙiya wadda ba cunkoso, wani ya riƙe na'urar binciken ko ka sa ta naɗi bayanan, kai ka kula da tuƙi. A giya ta biyu taka totur har ƙasa zuwa gudun inji 5000, ka saki. Duba mafi girman lambar da MAF ta kai. Lissafin abin da ya kamata ka gani mai sauƙi ne: girman inji a lita, sau gudun inji, raba da 120, sannan sau 1.2, wato nauyin litar iska ɗaya a giram. Ga inji mai lita 2.0 a 5000, amsar ita ce 100. Injin da ba shi da turbo ba ya cika cikinsa ɗari bisa ɗari, don haka 80 zuwa 90 lafiya ce, a wuri mai tsananin zafi ko kan tudu mai tsawo sosai kuma za ta ɗan ragu. In ka ga 60 ko 65, to ɗayan biyu ne: ko na'urar na faɗin ƙasa da gaskiya, ko injin da gaske ba ya samun numfashi. Gyaran mai ne zai bambance maka. Na'ura mai ƙarya tana tafiya da ƙarancin mai, jimillar tana can sama a ƙari. Injin da salansarsa ta toshe kuwa iskar da gaske ba ta shiga, na'urar gaskiya ta faɗa, gyaran mai yana nan daidai, motar dai ba ta da ƙarfi. Idan kuma MAF ta kai 85 lafiya amma mai na ƙaranci, auna matsin famfon mai.

Kafin ka kashe inji, a silo, ɗan girgiza soket da wayoyin kana kallon allo, sannan ka ƙwanƙwasa jikin na'urar a hankali da bayan sukundireba. Inji ya yi tuntuɓe ko lamba ta yi tsalle, akwai abin da ya saki, a waya ko a cikin na'urar.

Gwajin da kowa ya sani, na cire soket a ga ko mota za ta gyaru, yana da amfani amma ba hujja ba ce. Kashe inji, cire soket, tayar. Kwamfuta za ta koma kan lissafin ko-ta-kwana da aka ajiye mata, wanda galibi yake ba da mai da ɗan yawa. Motar da ta daidaita a haka tana iya zama na'urarta ce ta lalace, tana kuma iya zama ɓaraka ce ƙarin man ya rufe. Wasu motocin ma ba sa tashi sam in an cire. Gwajin zai kuma bar sababbin lambobin matsala, kada su ruɗe ka daga baya.

Mitar lantarki

Wannan matakin ya zama dole idan lambar P0100, P0102 ko P0103 ce, ko allo na nuna sifili inji na aiki. Nemo zanen wayoyin motarka, domin jerin ƙafafun soket ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma zato a nan yana ƙona kaya. Galibi za ka samu wayar wuta mai bolt 12, wasu da ƙarin mai bolt 5, wayar ƙasa, wayar saƙo, da ta ma'aunin zafi. Wuta a kunne, tabbatar 12 ɗin tana zuwa. Babu, duba fis. Tsakanin wayar ƙasa da kan batir mai alamar ragi, inji na aiki, kada mita ta nuna sama da bolt 0.1. Wayar saƙo ana auna ta soket na jone, ta baya, da siririyar allura a gefen robar, ba a huda jikin waya. A nau'in da ke aiko bolt, za ka ga wajen 1 zuwa 1.5 a silo, ta hau sumul yayin da kake ƙara totur, ta doshi 4 in ka taka da ƙarfi farat ɗaya. Wasu motocin, kamar na General Motors da yawa, bugun saƙo suke aikowa ba bolt ba, sai mita mai auna Hz, wato yawan bugu a daƙiƙa. Kada ka taɓa wayar saƙo da fitilar gwaji mai ƙwai, tana iya jan wutar da za ta illata kwamfuta.

Wuta da ƙasa suna nan, saƙo ba ya fita: na'urar ta mutu. Saƙo na fita a bakin na'urar amma allo bai gani ba: waya ta tsinke a hanya.

Wanki

Inji a kashe ya huce, makulli a waje. Cire soket, kwance sukurori biyun, zaro na'urar a miƙe ba tare da ka goga ta a jikin tiyo ba. Lura da zoben robar da ke wuyanta, kada ya faɗi ko ya tsinke. A wasu motocin gidan gaba ɗaya ake cirewa ta hanyar kwance maɗaurai.

Haska cikinta. Ɗan ƙwallon da ke fitowa fili kamar kan ashana, wannan ma'aunin zafi ne. Mutane da yawa shi suke wankewa su mayar, suna zaton sun gama. Wayoyin da ake nufi suna can cikin lungu, ƙanana guda biyu, sai ka karkata ta za ka hango su. Mai tsabta tana ƙyalli. Mai datti za ka gan ta da gashin ƙura baƙi ko toka-toka a ɓangaren da iska ke bugawa.

Shimfiɗa tsumma mai tsabta, riƙe na'urar yadda ruwan zai gangara waje ba cikin akwatin lantarkinta ba. Fesa daga nisan yatsu huɗu, gajeren feshi sau 10 zuwa 15, ta kowane ɓangare. Bakin bututun feshin kada ya taɓa wayar. Kada auduga ta taɓa ta, ko buroshi, ko tsinke, ko yatsa. Kada a hura mata iskar kwamfuresa. Na sha ganin na'urar da datti kawai ke damunta, aka kashe ta da auduga a wajen neman taimakonta.

Maganin kuma lallai ya zama nata. Na wanke kafireto da na birki suna iya cin roba da abin da aka lulluɓe fallen da shi. WD-40 da fetur suna barin maiƙo, maiƙon kuma shi ne ya kawo matsalar tun farko. Ajiye ta a inuwa ta bushe da kanta, minti 15 zuwa 20, kada a jona ta da danshi. Mayar da ita yadda kibiyar da ke jikinta ke kallon inji, ɗaure sukurori daidai ba da ƙarfin tsiya ba, don gidan roba ne. Saka sabuwar matatar iska a lokaci guda, ka goge cikin akwatin. In ka bar tsohuwar da ta yage, wata biyu ka dawo inda ka fito.

Idan wanki bai yi ba

Goge lambobin matsala yanzu, tare da gyaran man da kwamfuta ta koya idan na'urar bincikenka na iya yin haka. Cire kan batir ma yana gogewa a motoci da yawa, amma yana iya kulle rediyo ya kuma sa silo ya rikice na ɗan lokaci, don haka na fi son a yi da na'ura. Maimaita gwaje-gwajen nan uku, silo, 2500, da na kan hanya, ka kwatanta da abin da ka rubuta da farko. In lambar da ta tsaya a 65 ta koma 85, gyaran mai ya sauko, aiki ya yi.

In ba abin da ya canza, ga wuta lafiya, ga tiyoyi lafiya, ga matsin mai daidai, yanzu ne lokacin saye. Ɗauki lambar da ke rubuce a jikin tsohuwar ka nemi mai irinta daidai, ba mai kama da ita ba. Na'urori biyu suna iya shiga rami ɗaya, soket ɗaya, amma ma'auninsu daban, domin kowace an daidaita ta da faɗin tiyon da taswirar kwamfutar injinta. Nemi ta kamfanin da ya yi ta asali, irin su Bosch, Denso ko Hitachi, gwargwadon wadda motar ta zo da ita. A wannan kayan araha ba ta ado: jabu takan yi aiki a silo ta ɓata lissafi a kan hanya, sai ka shiga neman wata matsalar da babu ita, tunda a ranka ka riga ka cire na'urar daga zargi. Idan akwai mai mota irin taka sak da zai ara maka tasa na minti goma, wannan gwajin ya fi kowane.

Masu injin dizal su ƙara lura da abu ɗaya. A can kwamfuta tana amfani da MAF wajen sarrafa bawul ɗin EGR, mai mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji. In bawul ɗin ya maƙale a buɗe saboda baƙin gawayi, hayaƙi ya cike gurbin iska, MAF za ta nuna ƙasa, P0101 ta fito, alhali gaskiya ta faɗa. A duba EGR da tiyoyin turbo kafin a taɓa ta.

Kada a daɗe ana yawo da matsalar. Mai da ya yi yawa yana baƙanta filogi, yana kuma ƙona matatar hayaƙin da ke cikin salansa, wadda ta fi na'urar tsada nesa ba kusa ba. Mai da ya yi kaɗan kuma yana ƙara zafi a cikin silinda.

Bayan gyara, fitilar da ba ta dawo a ranar farko ba ba ta isa shaida ba, domin lambobi irin P0101 da P0171 sai kwamfuta ta ga matsalar a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila. Yi kwana uku ko huɗu kana hawa, cikin gari da babbar hanya, sannan ka sake jona na'urar bincike. Duba ɓangaren lambobin da ke jiran tabbaci ko akwai wadda ta laɓe a can, ka kuma duba LTFT a silo da a 2500. In duka biyun suna ƙasa da 5, ajiye takardar da ka rubuta lambobin a cikin motar, ranar da wani abu ya sake tasowa da su za ka kwatanta.